Giwa a Garin Wani

Ranar 14 ga Agusta, 2012, wata tsohuwar giwa mai suna Java ta mutu a gidan namun dajin da ke cikin lambun Tête d'Or, a birnin Lyon na ƙasar Faransa. Shekarunta 67, don haka babu wanda ya yi mamaki. Likitocin dabbobi suka feɗe gawar kamar yadda aka saba, suka aika da abin da suka ɗiba ɗakin gwaji. Ƙwayar tarin fuka ba ta da gaggawa, takan ɗauki makonni kafin ta nuna kanta a kwalbar gwaji, shi ya sa sai da sanyi ya shigo sannan sakamako ya fito. Java ta mutu da tarin fuka a jikinta, kuma irin wanda ke kama ɗan Adam.

Wannan takarda ce ta jefa maƙwabtanta biyu cikin tsaka mai wuya. Baby da Népal giwayen Asiya ne, mata, kowace ta haura shekara 40. Ba na birnin Lyon ba ne, ajiya ce. Mai su Gilbert Edelstein ne, shugaban Pinder, ɗaya daga cikin manyan gidajen wasa masu yawo a Faransa, waɗanda Faransawa ke kira sirk: ƙaton tanti, 'yan tsalle-tsalle a kan igiya, masu barkwanci da jan hanci, sai kuma zakoki da giwaye da aka horar su yi abin da ba a halicce su don shi ba. A 1999 ya kawo su Lyon ya bar su a hannun hukumar birni. Tun a 2010 gwajin jini ya jefa shakku a kan lafiyarsu, aka nisanta su da 'yan kallo, birni ya ce mai kaya ya zo ya ɗauki kayansa. Edelstein ya ce lafiya lau ya ba da su, lafiya lau kuma yake son a mayar masa. Aka yi ta ja-in-ja, giwaye na tsaye a inda suke.

Lambun Tête d'Or ba a biyan ko sisi a shiga. Nan iyaye mata ke tura jarirai a keke, nan malamai ke kawo 'yan firamare, nan tsofaffi ke shan hantsi. Duk wanda ke riƙe da amanar lafiyar jama'a, aka ce masa akwai tarin fuka a irin wannan wuri, ba zai yi barci da daɗi ba. Ranar 11 ga Disamba, kantoman yankin Rhône, Jean-François Carenco, wato wakilin gwamnatin tsakiya wanda 'yan Nijar za su kira prefe, ya sa hannu a kan umarni: a kashe Baby da Népal cikin kwana 30.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Wanda ya fara rugawa kotu don ceton giwayen ba ƙungiyar kare dabbobi ba ce. Mai gidan wasan ne, mutumin da waɗannan ƙungiyoyi suka shafe shekaru suna ɗaga kwalaye a ƙofar tantinsa. Kamfaninsa, Promogil, ya shigar da ƙarar gaggawa a kotun da ke sauraron ƙorafi a kan hukumomi a Lyon. Ranar 21 ga Disamba kotun ta ce kantoma yana kan daidai, lafiyar mutane ta fi gaban giwa biyu. Edelstein ya ɗaukaka ƙara zuwa Paris, ya kuma rubuta wa shugaban ƙasa François Hollande yana roƙon afuwa. Afuwar shugaban ƙasa, a tsarin mulkin Faransa, ta mutanen da kotu ta yanke wa hukunci ce. Ba a tanadi giwa a ciki ba. Amma wasiƙar ta yi aikin da aka rubuta ta dominsa, jaridu suka ɗauka.

Hujjar lauyoyinsa ta tsaya a kan abu ɗaya: babu wanda ya tabbatar cewa giwayen nan biyu suna ɗauke da cutar. Gano tarin fuka a jikin giwa mai rai aiki ne mai wuya. Ba a iya ɗaukar hoton ƙirjinta kamar na mutum, kaurin jikin ya fi ƙarfin na'ura. Gwajin jini kuwa iyakarsa ya nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko da wata 'yar uwarta, ba ya cewa dabbar tana yaɗa ta yau. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce wankin hanci. Mai kula da giwa zai zuba mata ruwan gishiri a cikin dogon hancinta, ya sa ta ɗaga shi sama ruwan ya gangara ciki, sannan ta sauke ta fyace a cikin leda. A kai wannan ruwa ɗakin gwaji, a jira makonni, a kuma maimaita, domin giwa mai cutar ba kullum take fitar da ƙwayar ba. Sai giwar ta yarda da mai yi mata, sai kuma mai yi ya yarda ya tsaya a gaban hancin da ake zargi. Hukuma ta ce wannan kasada ce da ran ma'aikata. Mai giwaye ya ce ba a yanke hukuncin kisa a kan zato.

Ana cikin haka sai ga Brigitte Bardot. Tsohuwar tauraruwar fim ce, shekarunta 78 a lokacin, kuma tun 1986 take da gidauniyar kare dabbobi mai sunanta. Ranar 3 ga Janairu, 2013, Vladimir Putin ya ba ɗan fim Gérard Depardieu takardar zama ɗan Rasha, bayan ya yi fushi da harajin Hollande. Washegari Bardot ta fitar da sanarwa cewa idan aka kashe giwayen nan, ita ma za ta nemi zama 'yar Rasha, ta bar ƙasar da a cewarta ta koma maƙabartar dabbobi. Mai karatu Musulmi yana da dalilin ɗaure fuska idan ya ji wannan suna. Matar nan kotunan Faransa sun sha cin ta tara saboda kalaman tunzura ƙiyayya, musamman a kan Musulmi da yankan layya, har a 2008 aka ci ta Yuro 15,000. Tausayinta ga dabba bai taɓa isa ga kowane ɗan Adam ba. Amma muryarta tana da kaifi, kuma ranar nan ta ratsa duniya. Mutane suka yi ta sa hannu a takardun koke, wasu suka taru a bakin lambun Lyon cikin sanyi. Hollande ya umarci ministan aikin gona, Stéphane Le Foll, ya sake duba batun gwajin.

Ranar 27 ga Fabrairu, 2013, babbar kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'État, ta dakatar da umarnin kantoma. Ya kamata a karanta dalilanta da kyau, domin a nan ƙashin bayan labarin yake. Kotun ta ce kashe giwayen zai jawo wa kamfanin da ya mallake su asarar da ba ta gyaruwa, ta dukiya da ta zuci. Ta ce akwai shakku mai ƙarfi a kan halaccin umarnin, tunda ba a saurari mai su ba kafin a yanke, kuma ba a nuna cewa killacewa da ƙarin gwaji ba za su wadatar ba. Babu inda aka ce Baby tana da haƙƙin rayuwa. Abin da ya tsaya tsakanin giwayen da allurar mutuwa shi ne cewa dukiyar wani ne, kuma ba a taɓa dukiyar mutum sai an ji ta bakinsa. A watan Mayu kotun Lyon ta soke umarnin baki ɗaya.

Sauran tambaya ɗaya: ina za a kai su? Lyon ba ta so, tantin Pinder ba wurin giwayen da ake zargi da tarin fuka ba ne. Sai Gimbiya Stéphanie ta Monako ta ce a ba ta. A watan Yuli aka shigar da kowace cikin ƙaton akwatin ƙarfe, ƙugiya ta ɗaga ta ɗora a tirela, aka nufi kudu da su zuwa wata gonar gidan sarautarsu na Grimaldi da ke kan duwatsun da ke kallon Monako, kusa da Roc Agel. Filin yana cikin ƙasar Faransa, wato ko iyaka ba su tsallaka ba. Gimbiyar da kanta ta riƙa yi musu wanka da ba su abinci, kuma daga baya ta sanar cewa gwaje-gwajen da aka sake yi ba su nuna cutar ba. Wace ce wannan mai ceto? Ita ce shugabar bikin sirk na duniya da ake yi a Monte-Carlo, wanda mahaifinta Yarima Rainier ya kafa a 1974, kuma tana cikin masu kare wasa da namun daji da babbar murya. Mai gidan wasa ya yi ƙara, uwar masu wasa ta ba da masauki. Ƙungiyoyin kare dabbobi sun yi ihu, ihun kuma ya yi amfani, amma hannunsu bai kai ga igiyar ba.

Ba sakaci ne ya jawo haka ba, haka dokar take. Faransa ta daɗe da irin waɗannan ƙungiyoyi. Ƙungiyar SPA ta Paris an kafa ta a 1845, lokacin da babban abin takaici shi ne dukan da masu keken doki ke yi wa dawakai a titi. A 1850 aka yi dokar Grammont, wadda ta hukunta cin zalin dabbar gida, amma sai in an yi shi a bainar jama'a. Wato abin da aka fara karewa idon mai wucewa ne, ba bayan dokin ba. A 1976 doka ta amince dabba halitta ce mai jin zafi, a 2015 aka shigar da wannan magana cikin babban kundin dokar mu'amala, sashe na 515-14. Sai dai jimlar da ke biye ta ce, in ban da dokokin da ke kare su, dabbobi suna nan ƙarƙashin hukuncin kadara.

To me ƙungiya za ta iya? Sashe na 2-13 na dokar shari'ar laifuka ya ba duk ƙungiyar kare dabbobi da ta shekara 5 da rajista damar shiga shari'ar cin zalin dabba a matsayin wadda aka cuta. Lauyanta zai zauna a kotu, ya ga fayil, ya yi magana, ya nemi diyya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dabba ba ta da bakin kai ƙara, kuma mai ita, wanda doka ta sani, sau da yawa shi ne wanda ake tuhuma. Ƙungiya tana kuma iya ƙalubalantar lasisin da kantoma ya bayar. Iyakarta ke nan. Mai binciken ƙungiya, ko da ya sa riga mai tambari, ɗan ƙasa ne kamar kowa. Ba ya shiga filin mutum sai da izininsa, ba ya buɗe tirela, ba ya kwance sarƙa. Zai sayi tikiti ya zauna cikin 'yan kallo, ko ya tsaya bayan shinge da kyamara tun asuba, ya tara hotuna, ya samo likitan dabbobi ya rubuta ra'ayi, ya kai wa mai gabatar da ƙara. Mai gabatar da ƙara yana da fashi da kisan kai da safarar ƙwaya a kan teburinsa, kuma kafin ya juyo ga fayil ɗin zaki, tanti ya tashi ya koma wani lardi. Ƙwace dabba aikin 'yan sanda ne da jandarmomi, da likitocin gwamnati, da jami'an kula da namun daji. In an ƙwace kuwa, sai a juyo a miƙa wa ƙungiyar ta nemo wuri da abinci. Giwa ɗaya takan ci fiye da kilo 100 a yini.

Wani abu kuma da ke ɗaure hannun alƙali shi ne, mafi yawan wahalar dabbar wasa ba ta kama da abin da doka ke kira zalunci. Doka na neman jini, ko duka, ko yunwa. Dubi giwar da ke bayan tanti kafin a fara wasa. Sarƙa ɗaya a ƙafar gaba, ɗaya a ƙafar baya ta ɗaya gefen, tana iya taku ɗaya gaba, ɗaya baya. Kanta yana lilo hagu da dama, hagu da dama, awa bayan awa. Yara sukan ce rawa take yi. Masana halayyar dabbobi sun san wannan lilo, alama ce ta dabbar da aka daɗe da tsarewa, kuma ba a ganin sa a wurin giwayen da ke yawonsu a daji. Tafin ƙafarta, wanda aka halitta don tafiyar kilomitoci a kan ƙasa mai laushi, yana tsagewa a kan kwalta da katakon tirela. Mai horo yana riƙe da sanda gajera mai ƙugiyar ƙarfe a kai, ba lallai ya doke ta a gaban kowa ba, taɓawa kaɗan a bayan kunne ko bayan gwiwa ta isa, domin ta san abin da ƙugiyar ke yi tun tana ƙarama. Duk wannan yana iya faruwa a cikin ƙa'ida. Dokar 18 ga Maris, 2011, ta ƙayyade faɗin keji da sauran sharuɗɗan tsare dabbobin wasa, kuma wanda ya cika su ya fita laifi. A shari'ar Lyon ma babu wanda aka tuhuma da cin zalin Baby ko Népal.

Masu sana'ar suna da tasu maganar, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Yawancinsu gado suka yi, a cikin tirela aka haife su, tare da dabbobin suka girma. Sukan ce zakin nan a hannunmu aka haife shi, bai san daji ba, in kun sake shi kwana nawa zai yi? Sukan ce mutumin birni da bai taɓa kwana a gefen dabba marar lafiya ba shi ne zai koya mana tausayi? Duk wanda ya san gardawanmu masu yawo da kura da takunkumi a baki, da gwaggon biri a ɗaure da sarƙa, kasuwa zuwa kasuwa daga Kano har Legas, ya san wannan murya. Gardi ma zai rantse maka ya fi kowa son kurarsa, kuma mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. A ganina so ba ya goge sarƙa. Mu da aka karantar da mu tun muna yara labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata sai Bature ya tuna mana ba.

Wata biyu bayan Baby da Népal sun bar Lyon, ranar 8 ga Satumba, 2013, wata giwar Afirka da ake kira Samba, wasu kuma Tania, ta wani ƙaramin gidan wasa da ya sauka a garin Lizy-sur-Ourcq, gabas da Paris, ta ja tamfol ta jefa a kan wayar lantarkin da ta kewaye ta, ta ratsa shinge ta fita. A dandalin garin wani dattijo mai shekara 84 yana wasan jifan ƙwallon ƙarfe da Faransawa ke so. Ta make shi da hanci, ya rasu a asibiti. Ƙungiyar One Voice, wadda Muriel Arnal ke jagoranta, ta shafe shekara goma kafin wannan rana tana kai ƙorafi a kan halin da giwar ke ciki. Bayan rasuwar dattijon ma giwar ta ci gaba da zama a hannun mai ita.

Da ƙungiyoyi suka ga ƙofar kotu tana da nauyi, sai suka koma ga magadan gari. Montreuil, gari mai mutum fiye da 100,000 da ke manne da gabashin Paris, yana cikin waɗanda suka fara cewa ba su son tanti mai namun daji a filinsu, shi da maƙwabcinsa Bagnolet. Montreuil ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Afirka ta Yamma. Saboda yawan 'yan Mali da ke zaune a can, har Bamako ta bakin kogin Seine ake yi mata laƙabi. A cikinsu akwai waɗanda suka fito daga ƙasar da giwayen Gourma ke yawon ɗaruruwan kilomitoci kowace shekara suna bin ruwa, ga shi kuma a nan ana muhawara a kan ko giwa za ta tsaya a filin ajiye motoci. Amma dubi iyakar ikon magajin gari. Daga Montreuil zuwa filin Reuilly da ke gefen dajin Vincennes tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a nan Pinder ke kafa babban tantinsa duk lokacin sanyi, domin filin na Paris ne. A wancan lokacin, yaron da garinsu ya hana shi ganin zaki a keji sai ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya je ya gani. Ƙari a kan haka, a garuruwa da dama da masu wasan suka kai ƙara, kotuna sun soke haramcin, suka ce kula da namun daji hurumin gwamnatin tsakiya ne da kantomominta, ba na magajin gari ba. Duk da haka garuruwa suka ci gaba da shiga layi har suka kai ɗaruruwa, wasu da doka, wasu da sanarwar ra'ayi kawai, wasu kuma da dabarar cewa fili babu.

Paris kanta ta daɗe tana jan ƙafa, sai da damisa ta taka titinta. Da yammacin Juma'a, 24 ga Nuwamba, 2017, wata damisar Asiya mai ratsi-ratsi, sunanta Mevy, wata 18 da haihuwa, nauyinta kusan kilo 200, ta fice daga kejinta a gidan wasan Bormann Moreno da ke unguwa ta 15, kusa da hedikwatar gidan talabijin na ƙasa. Aka tsayar da jirgin taragu na unguwar. Mai ita ya bi ta da bindiga ya harbe ta a wani lungu kusa da layin dogo. Hoton gawarta a kwance ya zagaya duniya kafin gari ya waye. A watan Disamba majalisar birni ta yi alkawarin raba Paris da irin wannan wasa, amma ta tura wa gwamnatin tsakiya yanke hukunci. Sai a Nuwamban 2019 ta ƙuduri daina ba su fili daga 2020.

A can gonar gimbiya a kan dutse, Népal ta mutu a ƙarshen Afrilun 2018, ciwon ƙoda ne ya kashe ta, ba tarin fuka ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Mayu, kotun kasuwanci ta rufe Promogil, kamfanin da sunansa ya cece ta, saboda bashi. 'Yan kallo sun ragu ƙwarai. Pinder ya sake tashi daga baya, ya koma Reuilly, amma babu zaki babu giwa.

Wanda yake son ya ga bambancin takarda da ƙarfi, ya dubi labarin Jumbo. Dorina ce, namiji, mai nauyin tan biyu zuwa uku, ta shafe shekara 30 da ɗoriya a hannun iyalin gidan wasan Muller. Dorina dabbar ruwa ce, yininta a kogi take yi. One Voice ta bi ta gari-gari da kyamara, ta nuna tana shafe dogon lokaci a cikin tirela, ta kai ƙara. Wannan karon mai gabatar da ƙara na Valence ya amsa, ya ba da umarnin ƙwace ta. A Nuwamban 2019 jami'ai suka zo ɗaukar ta. Masu gidan da 'yan uwansu na sana'a suka yi tsaye suka ce ba inda za ta, aka kai ruwa rana, jami'an gwamnati suka juya hannu rabbana. A Janairun 2020 kotun Valence ta sami masu gidan da laifin karya wasu ƙa'idoji, amma ta bar musu dorinarsu. Ƙungiya ta yi duk abin da doka ta ba ta dama, daga farko har ƙarshe, kuma Jumbo ta kwana a tirelar da ta saba.

A Ingila abin ya ɗan bambanta, domin a can ƙungiya tana iya gurfanar da mutum da kanta. A 2011 ƙungiyar Animal Defenders International ta ɓoye kyamara a rumfar da wani gidan wasa ke ajiye tsohuwar giwarsa, Anne, aka ga wani ma'aikaci yana dukanta da cokalin kwashe ciyawa tana ɗaure. Cikin makonni aka mayar da ita gandun Longleat, kuma a Nuwamban 2012, ana saura makonni kaɗan kantoman Lyon ya sa hannu a nasa umarnin, kotu ta sami mai gidan da laifi. Ingila ta haramta namun daji a gidajen wasa masu yawo daga Janairun 2020. Bolibiya ta riga kowa haramta kowace irin dabba a sirk, tun 2009.

Faransa ta biyo baya a makare. Ranar 29 ga Satumba, 2020, ministar muhalli Barbara Pompili ta sanar da niyyar gwamnati, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, aka sa hannu a dokar. Ta ba da shekara 2 a daina sayen namun daji da sa su hayayyafa don wasan yawo, ta ba da shekara 7 a daina yawo da su gaba ɗaya, wato zuwa Disamban 2028. Ta ɗaga hukuncin zaluntar dabba zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, in dabbar ta mutu kuma shekara 5 da Yuro 75,000. Dokar ta shafi masu yawo ne, wanda ya kafa wuri ɗaya ya zauna ana bi da shi da ƙa'idojin gidan namun daji. Ikon shiga fili da na ƙwace dabba yana nan a hannun da yake tun da.

Tambayar da ta tsayar da kowa a Lyon a 2013 ita ce yanzu ta tsayar da ƙasar baki ɗaya: ina za a kai su? Zakoki da damisoshin da ke hannun masu wasa ɗaruruwa ne, kuma ba kowace ke da gimbiya ba. A Saint-Martin-la-Plaine, tsakanin Lyon da Saint-Étienne, akwai mafaka mai suna Tonga Terre d'Accueil, wadda aka kafa a 2008, aka raɗa mata sunan wata dorina da hukuma ta ƙwato daga gidan wasa aka kai ta Afirka ta Kudu. Tana karɓar zakoki da birai da aka ƙwace, gwargwadon ɗakunan da take da su. A yankin Limousin kuma wasu 'yan Beljiyam biyu, tsofaffin ma'aikatan gidan namun dajin Antwerp, sun shafe shekaru suna tara kuɗi suna gina wa giwaye gidan hutu mai suna Elephant Haven, da tunanin ranar da gidajen wasa za su fara sakin nasu. Giwar farko, Gandhi, ta iso a Oktoban 2021 daga wani gidan namun daji a yankin Bretagne. Ta biyu, Delhi, ta zo a 2022 daga wani gidan namun daji a ƙasar Cek. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta fito daga tanti.